Digirin Zariya a Ajin Sakkwato

A ƙasar Gwandu, daga Maruda zuwa Dalijan da Kambaza, har a gangara Kalgo, ba abin mamaki ba ne ka tarar da malamin makaranta riƙe da takardar digiri mai hatimin Jami'ar Ahmadu Bello, alhali bai taɓa kwana a ɗakin ɗalibai na Samaru ba. Wani ma bai san Zariyar ba sai a bakin direbobi. A Sakkwato ya yi karatunsa, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Malaman kwalejin ne suka koyar da shi, su suka tsare shi a ɗakin jarrabawa, amma da aka tashi buga takarda sai aka sa mata sunan wata makaranta mai nisan ɗaruruwan kilomita. Takardar halattacciya ce, gwamnati ta san da ita, ana ƙarin girma da ita a wurin aiki. A takardun hukuma ana kiran wannan tsari haɗin gwiwa tsakanin kwaleji da jami'a. Mu dai mun fi ganinsa a matsayin raɓuwa, irin ta ƙaramin gida da ya jingina katangarsa da ta babban gida. Tsarin ya girmi yawancinmu, kuma ya girmi ita kanta Nijeriya mai 'yanci.

Tun kafin boko, mutanen wannan yanki sun san cewa ilimi yana bukatar mai tsaya masa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa yake nan Gwandu, ya rubuta littafi sukutum mai suna Ida'un Nusukh don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya sauke a gaban kowanne, ciki har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Wannan ita ce al'adar ijaza. Almajiri zai iya karatu a zauren wani ƙauye da ba kowa ya san shi ba, amma idan malaminsa ya ba shi izini, ya jero masa sunayen waɗanda shi ma ya karɓa daga hannunsu har zuwa kan mawallafin littafin, to ko Masar ya je za a saurare shi. Darajar takardar tana ga sunayen da ke cikinta. A nan ijaza da digirin raɓuwa suka yi kama. Inda suka rabu kuwa, ijaza tana ambaton wanda ya zauna da kai ya biya maka karatun, shi kuwa digirin raɓuwa yakan ambaci wanda bai taɓa ganin fuskarka ba, ya tsallake wanda ya sha ƙurar alli dominka. Kusan duk rigimar da ke cikin wannan tarihi daga nan ta samo tushe.

Turawan Ingila ne suka kawo salon na zamani. Jami'ar Landan ta fara ne a matsayin mai shirya jarrabawa da bayar da digiri ga ɗaliban wasu kwalejoji, kuma daga 1858 ta buɗe ƙofa ga duk wanda zai iya cin jarrabawarta, a ko'ina ya yi karatun. A Afirka ta Yamma, Kwalejin Fourah Bay da ke Saliyo ta raɓu da Jami'ar Durham a 1876, ta yadda ɗan Legas ko ɗan Akara zai zauna a Firitawun ya fito da digirin Ingila. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, da ɗalibai 104 da aka kwaso daga Babbar Kwalejin Yaba, ita ma ba a sakar mata mara ba. An ɗaura ta da Landan. Malaman Ibadan su tsara tambayoyi, a aika Landan a duba a amince, ɗalibai su rubuta, a gyara a Ibadan, a sake dubawa a Landan, sannan a ba da digirin Landan. Haka aka yi ta yi har 1962. Saboda haka duk ɗan jami'ar da ke yi wa digirin kwaleji kallon hadarin kaji, ya kamata ya tuna cewa uwar jami'o'in ƙasar nan shekara goma sha huɗu ta yi tana sanye da rigar aro.

Arewa ba ta ci moriyar Ibadan sosai ba, domin 'yan Arewa da suka shiga can a shekarun farko ba su taka kara sun karya ba. Babbar makarantarmu a lokacin ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 don horar da malamai, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Ta fitar da mutane irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma ba ta bayar da digiri. Wanda ya gama ta, malanta ce ko aikin En'e. Shehu Shagari, wanda kwalejin Sakkwato ke ɗauke da sunansa, ya bi ta nan lokacin tana Kaduna, ya yi malanta, har ya riƙe hedimasta a Argungu kafin siyasa ta ɗauke shi.

Gab da samun 'yanci, a 1959, gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Eric Ashby don ya duba irin ma'aikatan da sabuwar ƙasa za ta bukata. Rahotonsa na 1960 ya nuna cewa makarantun sakandare na fama da ƙarancin ƙwararrun malamai, kuma jami'a ɗaya ko biyu ba za su cike giɓin ba. Daga nan aka samo dabarar wata takarda ta tsaka-tsaki, wadda ta fi satifiket ɗin malanta mai daraja ta biyu amma ba ta kai digiri ba, karatun shekara uku. Ita ce NCE. Aka buɗe manyan kwalejojin horar da malamai don bayar da ita, ta Zariya a 1962, ta Kano ta biyo baya, ta Sakkwato a 1970 lokacin Jihar Arewa maso Yamma. A watan Oktoba na 1962 ɗin ne kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello.

Nan da nan Zariya ta zama wa Arewa abin da Landan ta zama wa Ibadan. Ita kanta jami'ar haɗe-haɗe ce: tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, da makarantar koyon mulki ta Kongo, da cibiyar binciken noma ta Samaru, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano. Wannan ta Kanon, wadda aka fara a 1960 a harabar Makarantar Nazarin Larabci, ta yi shekaru tana koyar da ɗalibai a Kano suna karɓar digirin Zariya, kafin ta zama kwalejin jami'a a 1975, ta tsaya da ƙafarta a 1977 da sunan Jami'ar Bayero. Ta ɓangaren malanta kuwa, Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1965, ita ke sa ido a kan kwalejojin malamai na Arewa. Ita ke duba manhaja, ta tura masu tantance jarrabawa, ta sa hannu a takardar NCE. Malamin da ya gama a Sakkwato a shekarun 1970, ya dawo ya koyar a Gwandu ko Jega, tun a lokacin sunan Zariya ne a takardarsa.

Akwai wata hanyar da ba a cika tunawa da ita ba, ga ta kuwa ta ɗauki dubban 'yan Arewa. Da aka ga yaranmu ba sa samun isassun darussan share fagen shiga jami'a, sai jihohi suka buɗe kwalejojin share fage, irin su Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Sakkwato da takwararta ta Kano, daga baya Kebbi ta yi tata a Yelwan Yawuri. Ɗalibi ya yi karatu a jiharsa, ya rubuta jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita tun 1976, idan ya ci ya wuce aji biyu na jami'a kai tsaye. Wannan shi ne mafi kusa da abin da Amurkawa suka gina tun 1901, lokacin da aka buɗe ƙaramar kwaleji a garin Joliet da shawarar shugaban Jami'ar Chicago, William Rainey Harper: yaro ya yi shekara biyu a kwalejin garinsu da kuɗi kaɗan, ya ƙarasa biyun a jami'a. Jihar Florida ta mayar da abin yarjejeniya ta dukkan jihar a 1971, har ya zama wanda ya gama ƙaramar kwaleji yana da haƙƙin gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar. Mu namu bai taɓa zama haƙƙi ba. Mai NCE ko difloma yana da damar neman aji biyu, amma samu sai an yi dace, wani lokacin sai da sanayya.

A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Aka cika azuzuwa da yara, aka rasa malamai, aka yi ta horar da su cikin gaggawa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar don koyar da su daga nesa. Shekara ɗaya kafin nan an sanar da kafa Jami'ar Sakkwato, ta ɗauki ɗaliban farko a 1977 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, aka sauya mata suna zuwa Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Wannan ya rage wa ɗan Gwandu tafiya. Maimakon ya bi ta Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa ya wuni a hanya, sai ya bi ta Tambuwal da Shagari da Boɗinga ya isa kafin azahar. Amma jami'a ɗaya ce ga yankin da yau ya zama jiha uku.

Sai 1989 aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, ta karɓi ragamar NCE daga hannun jami'o'i. Da ma a ce raɓuwa ta ƙare ke nan. Sai ta sake ɓullowa a mataki na sama. Manufar ilimi ta ƙasa ta mayar da NCE mafi ƙarancin takardar da za a koyar da ita, kuma abin da ya zama mafi ƙaranci kowa yana neman ya wuce shi. A aikin gwamnati mai NCE yakan fara a mataki na 7, mai digiri a na 8, kuma akwai inda mai NCE ke tsayawa cik komai daɗewarsa a aiki, yana kallon yaron da ya koyar a firamare ya zo ya zama shugabansa. Malamai suka tashi neman digiri haiƙan. Jami'o'i ba su da wurin zuba su. Kwalejoji kuwa suna da azuzuwa da malamai, da yawansu masu digiri na biyu da na uku, amma doka ba ta ba su ikon bayar da digiri ba. Ɗaya na da tukunya, ɗaya na da wuta. Haka kwalejojin tarayya na Zariya da Kano suka shiga koyar da digirin Jami'ar Ahmadu Bello, ta Katsina ta raɓu da Bayero, ta Shehu Shagari ta kama hannun Zariya da na Ɗanfodiyo.

Yadda abin ke tafiya ba ɓoyayye ba ne. Kwaleji ta nemi jami'a, a rattaba hannu a yarjejeniya, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta turo mutanenta su duba malamai da ɗakin karatu da ɗakunan gwaji kafin ta amince. Manhajar ta jami'a ce. Tambayoyin jarrabawa sai an kai jami'a an tantance, sakamako kuma ba ya zama sakamako sai majalisar malaman jami'ar ta zauna a kansa. Daga kuɗin da ɗalibi ya biya, jami'a tana da kasonta. Wanda ya zo daga sakandare shekara huɗu zai yi, mai NCE uku. Ga masu aiki kuma akwai karatun dogon hutu, wanda malamai ke kwasar tabarma da risho su tafi da zarar an rufe makarantu, su dawo ana gobe za a koma aji. A wannan yanki dogon hutun yana faɗowa ne a tsakiyar damina, don haka malamin da ke noman gero ko shinkafa don cike giɓin albashi sai ya zaɓa tsakanin gonarsa da lacca, ko ya bar wa ƙannensa fartanya.

Idan ana maganar wanda tsarin ya amfana, mu muna sa matan aure a gaba. Akwai gidaje da yawa a ƙasar Gwandu da Argungu inda miji ko uba zai yarda mace ta je karatu garin da take da 'yan uwa, inda za ta iya dawowa ƙarshen mako ta ga yara, amma ba zai taɓa barin ta tafi Zariya ta yi wata huɗu ba. Ko mun so wannan ra'ayi ko mun ƙi, shi ne a ƙasa. Kuma makarantun 'yan mata na karkara malamai mata suke bukata, domin iyaye sun fi sakin jiki da su. Kowace mace da ta samu digiri ta wannan hanya ta dawo garinsu, ta buɗe wa wasu ƙofa. Sai kuma ɗan talaka da ya ci jarrabawar JAMB amma gurbi ya gagara. A 2024 kusan mutum miliyan biyu ne suka yi rajistar jarrabawar, mafi yawansu jami'a suke so. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a a shekarar 140 ne cikin 400, na kwalejin ilimi 100. Wannan tazarar ta maki arba'in tana faɗa wa yaro ɗan shekara goma sha takwas inda ƙasarsa ta ajiye malanta, tun kafin ya riƙe alli.

To amma kayan aro ba ya rufe katara. Ɗalibin raɓuwa yana ƙarƙashin iyayengiji biyu, kuma ko wanne ya yi atishawa shi ke kamuwa da mura. Idan malaman kwalejoji suka shiga yajin aiki, karatunsa ya tsaya. Idan na jami'o'i suka shiga, kamar na wata takwas da aka yi daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, ko da ya rubuta jarrabawarsa sakamakon na iya kwana a teburin da ba kowa a kai. Wanda ya yi ta hanyar dogon hutu ba a tura shi bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba shi, wasu masu ɗaukar aiki kuma sukan yamutsa fuska idan sun gan ta. Wanda makarantarsa ta ɗauka ba tare da sunansa ya bi ta JAMB ba, sai ya gama ya tarar da sabon tsani a gabansa. Malaman kwalejin su ma suna da nasu ƙorafin, cewa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: su ke koyarwa, su ke duba kundin kammala karatu, amma ranar bikin yaye ɗalibai wani ne ke hawa mumbari. A ganinmu wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ita ma jami'a tana da hujja, domin sunanta ne jarinta, kuma an taɓa ganin inda sakaci ya kai. A shekarun 1990 jami'o'i suka riƙa buɗe rassan karatu a garuruwa masu nisa, wasu a azuzuwan firamare na haya, ana sayar da digiri kamar ƙosai, har gwamnatin tarayya ta haramta su a 2001. Tsaurin da NUC ke yi wa raɓuwa a yau yana da alaƙa da wancan tabo.

Jihar Kebbi, da aka yanke ta daga Sakkwato ranar 27 ga Agustan 1991, ta tashi ba ta da jami'a ko ɗaya. Abin da ta gada shi ne kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu ke amsa sunan Waziri Umaru kuma take hannun tarayya, da kwalejin noma ta Zuru. Ta kafa kwalejin ilimi a Argungu, wadda aka sa wa sunan Adamu Augie. Shekara goma sha biyar cur duk ɗan Kebbi mai son digiri sai ya fita jihar, ko ya bi ta wata makaranta da ta raɓu da jami'ar waje. A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, maƙwabciyar Gwandu. A 2013 gwamnatin Jonathan ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. A 2020 Zuru ta samu jami'ar noma ta tarayya. Yaron Maruda na yau yana iya zuwa jami'a a kan babur. Duk da haka malamin firamare mai mata da 'ya'ya, wanda ba zai iya ajiye aiki ya koma ɗalibi na cikakken lokaci ba, har yanzu kwalejin da ya saba da ita ce ta fi masa sauƙin shiga.

Tarihi ya nuna cewa mai raɓuwa ba ya son ya dawwama a raɓe. Ibadan ta rabu da Landan, Bayero ta rabu da Zariya. A Ingila kwalejojin fasaha sun yi shekaru suna bayar da digiri ta hannun wata majalisa ta ƙasa, sai a 1992 aka mayar da su jami'o'i. A Nijar, cibiyoyin fasaha da aka buɗe a Maraɗi da Tawa da Damagaram ƙarƙashin jami'ar Yamai sun zama jami'o'i masu cin gashin kansu a 2010. A nan gida, a watan Mayun 2015, ana saura kwanaki ya sauka, Jonathan ya amince a mayar da kwalejojin ilimi huɗu jami'o'i: Zariya, Kano, Ondo da Owerri. Watanni kaɗan bayan haka gwamnatin Buhari ta dakatar da matakin, aka yi shekaru ana kai gwauro ana kai mari kafin a sake amincewa da su. A Sakkwato ma, a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an kafa jami'ar ilimi mai sunan Shehu Shagari.

Mataki mafi girma ya zo a 2023, lokacin da aka sa hannu a dokar da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya ikon bayar da NCE da digiri a tare, da sunansu, ba tare da jingina da kowace jami'a ba, matuƙar sun cika sharuɗɗan NUC. A 2025 ma'aikatar ilimi ta sanar da a fara aiki da ita. A karon farko ke nan da takarda za ta ambaci gidan da aka yi karatun, kamar yadda ijaza ke yi. Muna ganin adalci ne ga malaman da suka daɗe suna noma wani yana girbi. Amma akwai abin dubawa. Ido na biyu da jami'a ke sa wa jarrabawa, komai jinkirinsa, yana hana wasu abubuwa faruwa, kuma yanzu kwalejin ce za ta zama mai dafawa da mai ɗanɗanawa. Sannan ɗalibin da a da yake nuna takarda mai sunan Ahmadu Bello a Legas ko a Landan a gane ta nan take, yanzu zai nuna sunan da sai ya yi bayani. Akwai kuma tsoron kada kowa ya ruga digiri a bar NCE, ajin firamare na ƙauye ya ƙara zama kango, tunda mai digiri bai cika son zama a Malisa ko Dodoru ba idan ya samu hanyar Birnin Kebbi.

Dokar ta tarayya ce. Kwalejojin jihohi, irin ta Argungu, makomarsu tana hannun majalisun dokokin jihohinsu da kuma abin da masu duba na NUC za su tarar a ɗakunan karatunsu. Waɗanda aka ɗauka daga sakandare a zangon farko na sabon tsarin kuwa, idan yajin aiki bai gitta ba, sai wajen 2029 za su fito da takardunsu su shiga layin neman aiki tare da 'yan Samaru da 'yan Ɗanfodiyo.